Halaye huɗu da jabunsu: Yadda mabiya addinin Buda ke renon zuciya, da abin da mai jinya zai ƙaru da shi



Duk wanda ya daɗe yana aiki a shagon magani ya san wata irin fuska. Mutum ne zai shigo da takardar likita wadda ba tasa ba, ta mahaifiyarsa ce mai shanyewar ɓarin jiki, ko ta miji mai ciwon ƙoda, ko ta yaro mai sikila. Bayan an haɗa masa magungunan ya biya, sai ya ɗan yi jim, ya rage murya ya ce: “Ni kuma ko akwai abin da za a ba ni in samu barci?” Idan aka ja shi da hira, sai a tarar wata shida ko shekara guda ke nan yana jinya. Ba ya barcin kirki, abu kaɗan ke tunzura shi, yakan daka wa maras lafiyar tsawa sannan ya koma gefe yana jin haushin kansa. Wani ma zai ce yanzu ko nishin maras lafiyar ba ya taɓa masa zuciya, kuma wannan ne ya fi komai ba shi tsoro.

Ƙwayoyi irin su Diazepam suna da ranarsu, amma da takardar likita ake bayar da su, kuma ba a son shansu ya wuce mako biyu zuwa huɗu, domin jiki yana sabawa da su har barinsu ya zama wani ciwon. Ko da sun kawo barci, ba sa taɓa tushen matsalar, wato zuciyar da ta gaji da ɗaukar wahalar wani. To shin ana iya horar da zuciya ta ci gaba da kula da mutum ba tare da ta durƙushe ko ta bushe ba?

Daga cikin waɗanda suka daɗe suna rubutu dalla-dalla a kan wannan tambaya akwai malaman addinin Buda na nahiyar Asiya, kuma a ’yan shekarun nan masu binciken lafiya a Turai da Amurka sun ɗauki hanyoyinsu sun gwada. Shi ya sa wannan makon za mu yi doguwar tafiya. Tun kafin mu tashi bari in faɗa muku cewa ba kira nake yi zuwa ga addinin kowa ba. Su mabiya Buda ibada suke yi da abin, da manufofi na aƙidarsu, kuma hukuncin addini a bakin malamai yake. Nawa fagen shi ne in duba abin yadda ake duba magani: me ya ƙunsa, yaya ake amfani da shi, me aka gani da aka gwada shi, kuma wa zai iya cutarwa.

Daga ina abin ya samo asali?

An haifi Siddata Gotama, wanda aka fi sani da Buda, a Lumbini da ke ƙasar Nepal ta yanzu, kimanin shekara 2,500 da suka wuce, kuma ya yi rayuwar koyarwarsa a arewa maso gabashin Indiya. An adana tsofaffin koyarwarsa cikin wani harshe mai suna Pali, wanda har yau da shi ake karatun addini a Sri Lanka da Myanmar da Tailan da Kambodiya da Lawos. A cikin waɗannan littattafai an sha ambaton halaye huɗu tare. Na farko metta, wato ƙauna ko son alheri ga kowa. Na biyu karuna, wato tausayi. Na uku mudita, wato jin daɗin alherin da ya samu wani. Na huɗu upekkha, wato daidaituwar zuciya. A dunƙule ana ce musu brahmavihara, ma’ana maɗaukakan masaukai, wuraren da ake so zuciya ta tare a ciki. Ana kuma kiransu marasa iyaka, domin ba a so su tsaya a kan dangi da masoya kaɗai.

Kalmar da suke amfani da ita ga zaman natsuwar da suke yi ita ce bhavana, kuma ma’anarta raya abu ko renonsa. Daga nan za ku gane yadda suke kallon lamarin. A wurinsu tausayi kamar shuka yake, ana ba shi ruwa kullum, ana cire masa ciyawa, kuma idan aka yi sakaci yakan bushe.

A ƙarni na 5 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), wani malami mai suna Buddagosa ya zauna a birnin Anuradapura na Sri Lanka ya rubuta wani babban littafi, Visuddhimagga, ma’ana hanyar tsarkakewa. Littafin yana da babi 23, kuma babi na 9 kacokan a kan waɗannan halaye huɗu yake. Mai harhaɗa magunguna da ya karanta babin zai ga kamar takardar nan ce da ake naɗewa a cikin kwalin magani, domin akwai yadda ake farawa, da wanda bai kamata a fara da shi ba, da abin yi idan aka samu matsala.

Uwa mai ’ya’ya huɗu

Domin ya nuna bambancin halayen, Buddagosa ya kawo misalin uwa mai ’ya’ya huɗu. Ɗaya ƙaramin yaro ne, ɗaya yana kwance ba lafiya, ɗaya saurayi ne da ke kan ganiyarsa, ɗaya kuma ya girma ya kama harkar gabansa. Ƙaramin, burinta ya girma ya yi albarka, wannan ita ce ƙauna. Maras lafiyar, burinta ya rabu da ciwon, wannan shi ne tausayi. Saurayin, tana jin daɗin ganinsa cikin walwala tana fatan abin ya ɗore, wannan ita ce taya murna. Babban kuwa, ta sakar masa mara, ba ta kwana da zullumin yadda zai yi, wannan ita ce daidaituwar zuciya.

Uwa ɗaya ce, zuciya ɗaya ce, kuma duk ’ya’yanta ne. Abin da ya bambanta shi ne halin da kowannensu ke ciki. Ku duba gidajenmu, za ku ga rigingimu da yawa daga cakuɗa waɗannan suke tasowa. Akwai uwar da ke yi wa ɗanta mai mata da ’ya’ya irin kulawar da ake yi wa na goye, sai zaman gidan ya gagara. Akwai uban da ke yi wa yaro ɗan shekara 12 irin sakin marar da ya dace da baligi, sai titi ya rene shi.

Kowanne yana da jabunsa

Wurin da ya fi jan hankalina a babin shi ne inda aka ce kowane ɗaya daga cikin halayen yana da maƙiya biyu, na nesa da na kusa. Na nesa shi ne kishiyarsa ƙarara, kowa zai gane shi. Na kusa kuwa kama yake yi da shi har ya ruɗi mai shi. Mu a aikinmu mun san wannan sarai. Babu mai sayen guba da sunanta. Abin da ke kashe mutane shi ne jabun magani, mai kwali iri ɗaya da launi iri ɗaya da na gaske, amma babu sinadarin a ciki.

Maƙiyin ƙauna na nesa shi ne ƙiyayya. Na kusa shi ne kwaɗayi da son mallaka, domin shi ma kyawun mutum yake gani. Shi ne son da ke ƙirga abin da ya kashe, son da ke cewa tunda ina ƙaunarki ba za ki je gidanku ba, ko tunda na sha wahalarka dole ka karanta abin da na zaɓa maka.

Maƙiyin tausayi na nesa shi ne mugunta. Na kusa shi ne baƙin ciki, domin shi ma wahalar mutum yake kallo. Mai tausayi yana ganin ciwon, zuciyarsa ta motsa, ya tashi ya nemi abin yi. Wanda baƙin ciki ya kama kuwa ciwon ne ke haɗiye shi, har ya koma shi ma sai an rarrashe shi. Wanda ya taɓa zaman asibiti ya ga irin ’yan dubiyar da ke shigowa da kuka, har maras lafiyar ya koma yana ba su haƙuri.

Maƙiyin taya murna na nesa shi ne ƙyashi da ƙuncin rai idan an ga wani ya samu. Na kusa shi ne zumuɗin abin duniya, inda murnar take komawa kan kayan da aka samu da kuma rabon da mai murnar yake hange. Ɗan’uwa ya samu muƙami, gida ya cika da ’yan taya murna, amma ranar da aka sauke shi za a san nawa ne suka zo dominsa.

Ita kuwa daidaituwar zuciya, maƙiyanta na nesa su ne ɗoki da jin haushi, masu fizgar mutum nan da can. Na kusa shi ne halin ko-in-kula, wato “ba ruwana”. A ido duk natsuwa ce. Amma mai daidaituwar zuciya ya ga halin da ake ciki, ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya san inda ikonsa ya tsaya. Mai ko-in-kula kuwa kawar da kai ya yi don kada ya gani.

Yanzu ku koma ga mutumin nan da ya zo neman maganin barci. Jabu biyu ne suka yi masa taron dangi. Da farko baƙin ciki ya zo masa a rigar tausayi ya cinye ƙarfinsa, da zuciyar ta kasa ɗauka sai ta gudu ta ɓuya a cikin ko-in-kula.

Yadda suke yin zaman

Ɗan zuhudun Buda yakan nemi wuri shiru ya zauna daidai, bayan kasalar cin abinci ta sake shi. Kafin komai zai yi nazarin ɓarnar da fushi ke yi da amfanin haƙuri. Daga nan sai ya fara maimaita fatan alheri a zuci, cikin gajerun kalmomi, yana nufin mutum guda da su: fatan lafiya, da kwanciyar rai, da kuɓuta daga ƙiyayya da wahala.

Jerin mutanen yana da ƙa’ida. Da kansa zai fara, domin ya kafa shaida cewa yadda yake gudun wahala haka kowa ke gudunta. Sai malami ko wani wanda yake girmamawa, sai aboki na kusa, sai mutumin da ba ya so ba ya ƙi, sannan a ƙarshe wanda ke tsakaninsu da gaba. Littafin ya hana farawa da maƙiyi, domin fushi ne zai taso. Ya hana farawa da wanda ake tsananin so, domin zuciya za ta zame cikin damuwa da shi. Ya gargaɗi ’yan zuhudu kada su keɓe jinsin da ba nasu ba da wannan tunani saboda sha’awa, kuma ya ce ba a yin sa a kan mamaci.

Idan aka iso kan maƙiyi fushi ya motsa, shawarar ita ce a koma baya zuwa ga mutumin da ya fi sauƙi, zuciya ta yi laushi, sannan a sake gwadawa. Idan abin ya ƙi, akwai dabaru a jere. A tuno wani hali mai kyau guda ɗaya da mutumin yake da shi. A tuna cewa mai fushi kamar wanda ya damƙi garwashi ne zai jefi wani, tafin hannunsa ne zai fara ƙonewa. Idan duk sun gaza, a ba mutumin kyauta, ko a karɓi tasa. Ana cewa an kai gaci ne idan mutum ya daina fifita ɗaya a kan ɗaya tsakanin kansa da masoyinsa da baƙo da maƙiyinsa. Daga nan sai a faɗaɗa fatan zuwa gida, da unguwa, da gari, har ya game kowace kusurwa da kowane mai rai.

Sauran ukun ma kowanne da inda ake fara shi. Tausayi ana fara shi da wanda wahalarsa ta fito fili. Taya murna ana fara ta da aboki mai fara’a wanda ganin daɗinsa ba ya da wuya. Daidaituwar zuciya ana fara ta da baƙo, kuma ita ce ta ƙarshe, sai ukun farko sun kafu. A aƙidarsu tana dogara ne a kan tunanin cewa kowane mai rai magajin aikinsa ne. Littattafan nasu sun lissafa fa’idoji 11 na renon ƙauna, kuma ukun farko duk a kan barci suke: kwanciya cikin daɗi, tashi cikin daɗi, da rashin mugun mafarki. Wannan alƙawarin littafin addininsu ne. Mu leƙa abin da aka auna.

Abin da aka gani a ɗakin bincike

Hanyar ta isa Amurka ne ta hannun mutane irin su Sharon Salzberg, wadda ta je Indiya tana budurwa a farkon shekarun 1970, daga baya ta yi horon metta a Myanmar a 1985, ta kuma wallafa littafi a kai a 1995. Daga nan masana halayyar ɗan Adam suka cire ɓangaren aƙida suka mayar da abin darasin makonni.

A 2008 Farfesa Barbara Fredrickson ta Jami’ar North Carolina ta wallafa sakamakon wani gwaji da ta yi da ma’aikatan wani kamfanin kwamfuta a birnin Detroit. An raba su gida biyu, wasu suka yi mako bakwai suna koyon zaman fatan alheri, wasu aka ce su jira. Cikin mutum 139 da aka yi nazarin bayanansu, waɗanda suka yi horon sun riƙa ba da rahoton ƙaruwar jin daɗi da godiya da gamsuwa sannu a hankali, tare da raguwar alamomin ciwon damuwa. Kafin nan, a 2005, James Carson da abokan aikinsa a Jami’ar Duke sun gwada shi na mako takwas a kan mutum 43 masu daɗaɗɗen ciwon baya, suka ga ragin zafi da ƙuncin rai a wurin waɗanda suka yi horon. Sun kuma lura cewa ranar da mutum ya fi daɗewa a zaman, washegari fushinsa yakan ragu.

Amma binciken da ya fi shafar mai jinya shi ne na Tania Singer, wata masaniyar ƙwaƙwalwa ’yar Jamus. Ta yi aiki da Matthieu Ricard, Bafaranshen da ya yi digirin digirgir a kimiyyar ƙwayoyin halitta a birnin Faris, sannan a 1972 ya bar komai ya koma tsaunukan Himalaya, inda daga baya ya zama ɗan zuhudu. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, an sa shi cikin na’urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa aka ce ya ji zafin wasu a ransa kawai, kada ya haɗa da fatan alheri. Sai ya riƙa tuno yaran wani gidan marayu na ƙasar Romaniya da ya gani a talabijin. Cikin ɗan lokaci ya ji ya galabaita, duk da shekarun da ya kwashe yana horo. Da aka ba shi damar komawa ga tausayi irin wanda ya saba, hoton yaran bai gushe ba, amma ƙarfinsa ya dawo.

Singer da Olga Klimecki sun gwada wannan a kan mutanen da ba su taɓa irin horon ba, suka wallafa a 2014. Da farko an koya musu ɗaukar zafin wasu, aka nuna musu bidiyon mutane cikin wahala. Ƙuncinsu ya ƙaru, kuma sassan ƙwaƙwalwa masu alaƙa da jin zafi suka ƙara motsi. Sai aka koya wa mutanen nan dai tausayi ta hanyar fatan alheri. Ƙuncin ya sauko, jin ɗumin zuciya ya ƙaru, kuma wasu sassa na daban, masu alaƙa da shaƙuwa da jin daɗi, su ne suka motsa. Ashe bambancin da Buddagosa ya yi tsakanin tausayi da jabunsa shekara 1,500 da suka wuce yana da alama a hoton ƙwaƙwalwa.

Inda hujjar ta yi rauni, da illolin da aka gani

Ba a yanke wa magani hukunci da gwaji ɗaya ko biyu. A 2014 Julieta Galante da abokan aikinta a Birtaniya sun tattara gwaje-gwaje 22 a kan irin wannan horo. Sun ga yana rage alamomin damuwa daidai gwargwado idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi musu komai ba. Amma idan aka kwatanta shi da wata hanyar taimako ta daban, fifikonsa bai fito fili ba, kuma yawancin gwaje-gwajen ƙanana ne masu rauni. A 2018 Ute Kreplin da Miguel Farias da Inti Brazil sun ƙara tono wani abu: ƙaruwar tausayin da ake ba da rahoto tana fitowa ne a binciken da malamin da ya koyar da zaman yana cikin marubutansa. Ba su kuma ga zaman ya rage faɗa ko ƙyamar wasu ba. Idan mai kaya ne ke auna kayansa, dole mai saye ya sa ido.

Akwai kuma illa. Wani nazari da Farias ya jagoranta a 2020, wanda ya haɗa bincike 83 a kan nau’o’in zaman natsuwa daban-daban, ya nuna kimanin kashi 8 cikin 100 na masu yi sun gamu da matsala, galibi fargaba da ƙaruwar damuwa. Farfesa Paul Gilbert na Jami’ar Derby a Ingila, wanda ya gina wata hanyar jinyar ƙwaƙwalwa a kan tausayi, ya lura cewa mutanen da suka taso cikin tsangwama, masu yawan zargin kansu, sukan ji tsoro ko kuka ya ƙwace musu idan aka ce su tausaya wa kansu. Irin waɗannan suna buƙatar ƙwararre a kusa.

Kambodiya da Myanmar

Na san wasunku tun ɗazu suna da tambaya a baki: ba a ƙasar mabiya Buda aka yi wa ’yan Rohingya abin da aka yi musu ba? Haka ne. Daga watan Agustan 2017 sama da mutum 700,000 suka tsere daga Myanmar zuwa Bangaladash saboda farmakin soja, kuma shekaru kafin nan wani ɗan zuhudu mai suna Wirathu ya yi ƙaurin suna wajen huɗubar ƙin Musulmi. Wannan ya faru ne a ƙasar da yara ke haddace karatun metta tun suna ƙanana.

A Kambodiya kuma an ga ɗaya fuskar. Tsakanin 1975 da 1979 gwamnatin Khmer Rouge ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan ɗaya da rabi zuwa biyu, ta rusa wuraren ibada, ta kashe ’yan zuhudu ko ta tilasta musu tuɓe rigar. Wani malami mai suna Maha Gosananda, wanda yake Tailan a lokacin, ya rasa danginsa a wannan bala’i. Duk da haka ya shiga sansanonin ’yan gudun hijira na bakin iyaka yana koya wa waɗanda aka kashe wa iyaye da ’ya’ya yadda za su hana ƙiyayya cinye su. Daga 1992 ya fara jagorantar tattakin zaman lafiya na shekara-shekara ta yankunan da ke cike da nakiyoyi, kuma bai fasa ba ko bayan da aka kashe biyu daga cikin masu tattakin a 1994. Ya rasu a 2007.

Littafi ɗaya mutanen biyu suka karanta. Maganin da ke ajiye a kan kanta ba ya warkar da wanda bai sha ba, kuma ƙaunar da ta tsaya a kan “namu” ta faɗi jarrabawar da littafin da kansa ya gindaya.

Abin da mai jinya zai ɗauka

Ba sai kun zauna irin zamansu ba kafin ku amfana da rarrabewar da suka yi. Da yawa daga cikinku kuna zaune ne a Legas ko Ibadan ko Fatakwal ko Abuja, nesa da dangin da a gida za su karɓe ku kwana ɗaya ku huta, don haka nauyin jinya yakan faɗa kan mutum guda.

Na farko, ku riƙa bincikar abin da kuke ji. Idan tunanin yana zagayawa ne a kan “ba zan iya ba, na shiga uku”, baƙin ciki ne ya karɓi wurin. Tausayi tambayarsa ita ce me maras lafiyar yake buƙata a wannan sa’ar, ruwa ne, juyi ne, ko hira. Idan kun ji kuna nutsewa, ku fita waje na minti biyar, ku ja numfashi a hankali, ku dawo da tambayar nan.

Na biyu, ba banza ba aka ce a fara da kai. Mai jinyar da ba ya ci, ba ya barci, ya daina shan nasa maganin hawan jini, gado na biyu yake shiryawa. Ku raba kwana da wani, ko maƙwabci ne ko ’yan unguwa, kuma kada kunya ta hana ku roƙon hakan.

Na uku, a bi abu daki-daki. Idan akwai ɗan’uwan da ya tsere ya bar muku jinya, ba da shi za ku fara gyaran zuciya ba. Ku fara da tuna wanda ya kyautata muku, sannu ba ta hana zuwa. Kuma yi wa mutum fatan alheri daban, miƙa masa wuya daban. Matar da ake duka, ko yaron da ake cutarwa, mafita da kariya suke buƙata kafin komai.

Na huɗu, ku koyi taya murna da gangan, musamman a lokacin da kuke cikin wahala kuna ganin hotunan biki da sababbin motoci a WhatsApp. Ku zaɓi mutum ɗaya da jin daɗinsa ba ya yi muku nauyi, ku kira shi ku yi masa barka har zuci. Bahaushe ya ce hassada ga mai rabo taki ce, mai yin ta ne ke kwana da ciwon kai.

Na biyar, ku san iyakar ikonku. Ba da magani a kan lokaci, kai shi asibiti, tsabta da kyakkyawar magana, duk suna hannunku. Warkewa ba ta hannunku. Wanda ya riƙe wannan zai iya tsayawa a gefen gado shekara da shekaru. Amma idan kun lura kun daina shiga ɗakin, kun daina tambayar ko ya ci abinci, to jabun ne ya shigo, alamar kuna buƙatar hutu da taimako ke nan.

A ƙarshe, idan ƙuncin rai ya kai mako biyu ba ya ɗagawa, ko kun daina jin daɗin duk abin da kuka saba so, ko barci da cin abinci sun rikice, ku ga likita. Idan tunanin kashe kai ya fara zuwa, a ranar za a je asibiti, ba gobe ba. Wanda kuma likita ya ɗora a kan maganin damuwa ko na wata larurar ƙwaƙwalwa, kada ya ajiye shi saboda ya fara wani horon zuciya ko wane iri ne, domin dakatar da irin waɗannan magunguna farat ɗaya yana da haɗari. Ku tuntuɓi likitanku ko mai harhaɗa magunguna tukuna.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙarfafi masu jinyarsu. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.